Falon da Ya Gajarce

"Ni ba kwaskwarima na yi ba, tsohon silin ɗungurungum na ɓalle, daɓen ma sai da na haƙe shi har ƙasa," in ji wani tsohon direban tanka a bakin masallaci, da muryar da na sahun baya ma za su ji. Ya ce falonsa yanzu ko raƙumi ya shiga ba zai sunkuya ba. Mutane suka yi ta sa albarka. Babu dai wanda ya ga ko baro ɗaya na ɓaraguzai ya fito daga gidan, amma bakin kowa alaikum.

To ka ji asalin abin. Unguwar tasu irin tsofaffin gidajen nan ne da gwamnati ta gina a bayan gari, duk zubi ɗaya, daɓen siminti da leda, silin katako, bango shuɗi. Shekara da shekaru falon direban ne majalisar dattawan layin. Kowace Juma'a in an sauko masallaci nan ake zubewa, a ci shinkafa, a yanke wa duniya hukunci, shi kuma yana kan kujerarsa kamar alƙali. Kwatsam maƙwabcinsa, wani tela mai sanyin magana, ya gyara nasa falon. Ya cire tsohon silin, ya sa farin nan mai hawa-hawa da ake kira fiyofi, ya fasa daɓe ya shimfiɗa tayil mai sheƙi. Dattawa suka shiga ganin gyara, suka ji sanyi, suka miƙe ƙafa. Juma'ar da ta biyo ma can suka nufa. Direba ya zauna shi da tiren shinkafarsa, yana jiyo dariyarsu ta kan katanga, kowace dariya kamar ana soka masa tsinke. Tela ya aiko a kira shi, direba ya ce ciwon kai yake yi. Ya ce wa mai ɗakinsa tayil ɗin tela santsi gare shi, wata rana sai ya karya wani. Ta ce to Allah ya kyauta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Bai ƙara sati ba ya kira magini, ya ce irin na tela yake so, amma in na tela hawa biyu ne, nasa uku za a yi. Magini ya ɗaga kai ya dubi silin, ya dubi ƙasa, ya ce ɗakin ba shi da tsayi, sai an cire na sama an fasa na ƙasa tukuna. Direba ya ji kuɗin fasawa, ya ji kuma aikin zai ja lokaci, ga Juma'o'i suna ta wucewa a gidan tela. Ya ce a'a, a ɗora kawai, ido ai abin da ke waje yake gani. Aka ɗora tayil a kan tsohon daɓe, ƙasa ta tashi. Aka rataya fiyofi a ƙarƙashin tsohon silin, sama ta sauko. Ƙofa ta ƙi buɗuwa sai da aka datse mata gindi. Da aka maƙala fanka, shi da kansa ya lura in ya yi miƙa zai gaisa da ita. Sai ya yanke shawara ba za a kunna ta ba in da baƙi.

Ranar buɗe falo ya yanka rago, ya sa babbar riga mai aska takwas wadda ta sha sitaci. Duk wanda ya shigo, kafin ya gama sallama ya nuna masa wurin zama. Falo kam ya yi kyau, har tela ya ce ma sha Allah da zuciya ɗaya, abin da ya ƙara ƙona wa direba rai, don shi so ya yi ya ga fuskarsa ta canza. Amma lokacin bazara ne, ɗaki ya cika, ga romo da yaji. Gumi ya fara tsiyaya daga ƙarƙashin huluna. Direba na tsakiyar labarin yadda leburori suka sha wuya wajen ɓalle tsohon silin, sai liman da ke kusa da bango ya miƙa hannu ya murɗa makunnin fanka. Shi kuwa gogan labari ya yi daɗi, ya miƙe tsaye zai nuna tsayin da aka samu, ya wurga hannun rigar sama zai saɓa a kafaɗa kamar yadda ya saba. Fanka ta cafke. Ta naɗe aska takwas, ta fizge hula, ta yi wani gurnani, sannan ta tsinko ta taho da faffaɗan ɓangaren fiyofi, farin gari ya wanke shi tun daga kai har gemu.

Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Da ƙura ta lafa kowa ya ɗaga kai. Ta cikin ramin ga tsohon silin katako nan yana leƙo su, da taswirar yoyon damina da yanar gizo, ko taƙi ɗaya bai kai ba tsakaninsa da sabon. Liman ya gyara murya ya ce, "Alhaji, ashe mutuminmu yana nan da ransa." Tela ya sunkuyar da kai yana danne dariya, ya tsinci hular ya kaɗe, ya ce a kawo rigar zai ga abin da za a iya yi mata. Dattawa suka ɗauki tiren naman da garin bai taɓa ba, suka ce bari su ƙarasa a maƙwabta kafin a share.

Shi ya sa Bahaushe ya ce ramin ƙarya ƙurarre ne.