Takardar da Ammi Ta Ƙi Sa wa Hannu

"Ki sa hannu, Ammi!" Yayana Tanwir ya dangwara takardar a cinyar mahaifiyarmu, a barandar wani asibiti a Multan. "Ko so kike ya mutu?"

Ammi ta gyara mayafinta, ko kallon biron ba ta yi ba.

Likita ta riga ta faɗa mana: ciwon daji ne mai saurin yaɗuwa a ƙwaƙwalwar mahaifinmu, Abbu. Ba ya warkewa, amma in an yi aiki zai iya ƙara 'yan watanni. Abbu kuwa ya ce abin da matarsa ta yanke shi ke nan.

"Shekara talatin kina cin gurasarsa," in ji Tanwir. "Yau ya kwanta, kin samu damar ramuwa. Allah wadai!"

Na ce, "Wallahi Ammi, kin ba mu kunya."

Ta miƙe ta tare likitar a bakin ƙofa. "'Yata, kin ce ƙarin nan ne ya canza masa hali. In kun cire, zai koma yadda yake da?"

"Mai yiwuwa," in ji likitar.

Ammi ta juyo gare mu, idonta a bushe.

"Kun ji ko? Hannun da ya zubar min da haƙora biyu, wata biyar ke nan shi ke haɗa min shayi. Da sunana Shagufta yake kirana yanzu, ba jaka ba. Ku ubanku kuke so a dawo muku da shi. Ni sai bana na yi miji, ba zan bari a yanke min shi ba."