Rabon Yara a Norfolk

"Waɗancan ukun nake so," in ji mutumin mai takalmin roba, yana nuna ƙattin ajin.

Malama Pennock ta yi murmushi. Ta kawo ɗalibanta gidan tarihi na wani ƙauye ne a yankin Norfolk, su ɗanɗana rayuwar yaran da aka kwashe daga Landan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Kowane yaro da sunansa maƙale a riga. Ma'aikatan gidan, cikin tufafin zamanin da, suna zaɓar yara kamar yadda mutanen ƙauye suka yi a lokacin, su kai su ɗaki na gaba shan shayi.

Mutumin ya matsa damtsen Alfie, ɗaya daga cikin ukun. "Kai ɗan birni, ka taɓa ganin dankalin da ba a soya ba?"

"A'a, yallaɓai."

"Yau za ka gani."

Har warin taki yake yi. Malama ta ce a ranta, wannan ma'aikacin ya iya kwaikwayon manomi.

Da lokacin komawa ya yi, ta sami shugabar gidan. "A turo min yaran da manominku ya ɗauka."

"Wane manomi? Ai mu duk mata ne."

Malama ta fita a guje. A gonar bayan coci ta same su, taɓo har gwiwa, suna cika buhu da dankali.

Manomin ya cire mata hula. "Karena na leƙo nema, Malama, na tarar ana rabon yara. Gobe ƙarfe nawa za a fara?"