Na Goyi Mama Zuwa Asibiti

Daga tashar Camiri na goyi Mama har asibiti, tana nishi. "Ƙirjina, Yandira, ƙirjina!"

Cizon binchuka, ƙwaron da ke ɓuya a bangon ƙasa, shi ya cinye zuciyar Baba a hankali. Na rantse ba zai ɗauke min Mama ba. Ni kam na yi karatu, a birni nake. Gwajin jini sai 'yan ƙauye.

Na dire ta gaban likita ina haki. "Ka cece ta!"

Mama ta miƙe garau, ta tare ƙofa.

"Lafiyata ƙalau, likita. Wannan mai taurin kan za ka duba, ƙafafunta sun kumbura irin na ubanta. Zauna, 'yar boko. Da na ce ki zo don kanki, za ki zo?"