Mai Toshe Hanci

Tun da suka shigo gidan marayun, injiniyan ya toshe hanci da hankici. Matarsa ce ke son ɗaukar riƙon jaririn, shi dai an jawo shi ne ya sa hannu.

Tsohuwar mai reno tana canza wa jaririn ƙunzugu, tana hararar mutumin ta gefen ido. Shekara arba'in tana goge kashin jarirai ba ta taɓa jin ƙyama ba, sai yau da ta ga wannan yatsinar.

"Karɓe shi, 'yata, ki tallafi wuyan," ta ce wa matar.

"Kar ki taɓa shi sai an gwada jininsa," in ji injiniyan. "Abin da aka tsinto a bola, wa ya san tsatsonsa? Mu a gidanmu ba ma haɗa iri."

Mai reno ta ce, "Ƙa'ida sai da shaida daga dangin miji."

"Mahaifiyata na mota."

Aka shigo da dattijuwar tana dogara sanda. Mai reno ta ƙura mata ido, sai ta tafa hannu.

"Ikon Allah! Ke ce? Ina jaririn nan da na damƙa miki, wanda ɓera ya gutsure wa kunne a bola? Ya rayu kuwa?"

Dattijuwar ta juya ta kalli ɗanta.

A hankali hannun injiniyan ya bar hancinsa, ya koma kan guntun kunnensa na hagu.