Cikin da Ya Ji Tsibiri

Ta sake kifa kai a bakin kwalekwalen tana kelaya amai, yayanta ya ja tsaki.

"Ruwan sha ya ƙare, tsibirinmu ya ɓace, ke kuma kin zauna ciyar da kifi. Wai 'yar matuƙi!"

Tun tana ƙarama ake yi mata wannan gorin. Mahaifinsu yana kwance a inuwar tabarma, daga asibitin babban tsibiri suke dawowa da shi, sai hadari ya kauda su daga hanya. A da, shimfiɗa bayansa yake yi a cikin jirgi ya gane hanya daga bugun igiyar ruwa. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, teku ta daina yi masa magana.

Tsohon ya buɗe ido. "Auta, yaushe zuciyarki ta fara tashi?"

"Yanzun nan, Baba. Tun safe lafiya lau nake."

Ya dubi ɗansa. "Kai, karkata hagu."

Yayan ya karkata, cikinta ya lafa.

"Koma dama."

Amai ya taso mata har da hawaye.

Tsohon ya yi dariya da rabin bakinsa. "Igiya biyu ke karo a nan, ɗaya ta bugi duwatsun da ke kewaye da tsibirinmu ta dawo. Sai da na yi furfura ina koyon abin da aka haife ki da shi. Kai kuma, bi inda ta fi galabaita!"

Can da la'asar ƙasan gajimare ya yi kore, alamar tsibiri na kusa, kawunan bishiyoyi suka ɓullo.

Yayan ya fasa kwakwarsu ta ƙarshe, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Sha, matuƙiya. Amma don Allah kada ki warke sai mun isa."