Zauren Kawu Barau

Tun da hukuma ta ce injin gini ba zai aza tubali ba sai da zanen kwamfuta, Lantana mai zanen gidaje ba ta huta ba. Yau kuma Kawu Barau ne ya tsaya mata a ka, shi lallai sai gida mai zaure.

Ta zana zauren, manhajar kamfani ta goge shi, wai ɓarnar fili ne. Ta sake zanawa, manhajar ta mayar da shi garejin mota.

"Wace irin jaka ce wannan?" in ji Kawu. "To baƙo a ina zai yi sallama?"

Lantana ta ja tsaki ta rufe ta, ta buɗe Gayya, manhajar kyauta da masu zane suka haɗa hannu suka ƙera. Tafiyar hawainiya gare ta, amma ta karɓi zauren har da dakali.

"Saura abu ɗaya, Kawu. A Gayya, duk abin da ka zana sai ka zuba a rumbun kowa."

"Kowa ya ga cikin gidana? Har ɗakin Innarki? Don tsare idon jama'a fa nake neman zauren!"

"Wallahi na gaji, Kawu. Ko duniya ta ga zane, ko ta ga Inna."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya hango sababbin gidajen tsallaken titi marasa zaure. Ga matar liman can a tsakar gida tana tankaɗe, masu wucewa suna ta sunkuyar da kai.

"Zuba," ya ce.