Ɗanyar Randa a Wutar Gayya

Zauna, Nafi'u, ka bar wannan safa da marwa. Na ji damuwarka. Babbar manhajar nan mai tafiyar da kwamfuta, wadda kuke rubutawa a gayya kowa ya ɗauka kyauta, kai aka ɗora wa tsayar da ranar sakin sabon zubinta. Kun rufe karɓar aiki domin a gwada wanda ke hannu, sai ga mutumin da ya koya maka sana'ar ya kawo nasa a makare, ba a gwada ba, kunya kuma ta hana ka ce masa ya jira zubi na gaba. To, buɗe kunnenka.

A wani gari na magina tukwane, mata ba sa gashi ɗai-ɗai. Wuta ɗaya ake yi. Kowacce ta kawo tulunanta da tukwanenta, da kara da kashin shanu, a jera a matoya, a rufe, a cinna. Mai tsayar da rana wata ce Tabawa, kuma dokarta ɗaya: sai ta ɗora kuncinta a gindin kowace tukunya. In ta ji sanyi, da sauran ruwa a yumɓun, sai wuta ta gaba. Ba ta jin roƙo. 'Yar cikinta ma ta taɓa kora gida da tulu a ka.

Wata shekara bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Kowa ya san wannan ce wutar ƙarshe, in ruwa ya sauka ba sauran gashi sai bayan kaka, kuma da waɗannan tukwane matan za su samo hatsin da zai fitar da gidajensu damina. Ana cikin jeri sai ga Iya Kande, tsohuwar da ta kama hannun Tabawa ta koya mata gini, an biyo ta da wata babbar randa. Ganinta ya ragu, ba wanda bai san ba za ta sake gina wata ba. Randa kuwa ta yi kyau, abin sai wanda ya gani. Tabawa ta durƙusa ta ɗora kunci. Sanyi. Ba mai yawa ba, amma sanyi ne, kuma ta san shi sarai. Ta ɗago ido, tsohuwa na mata murmushi.

"Ta bushe ko, 'yar nan?"

"Ta bushe, Iya."

Ga hanya biyu a gabanta: ta ɗage wuta ta yi caca da hadari, ko ta ce randa ta jira. Duka ta ƙi. Ta ce a ranta ai ɗan danshi ne, wuta za ta shanye. Don girmamawa ma, a tsakiya aka kafa randar, sauran kaya suka jingina da ita.

Wuta ta kama, ta yi ƙarfi. Sai aka ji ƙara guda mai nauyi daga tsakiya, ƙanana suka biyo baya, jeri ya rufta. Wa zai sa hannu cikin wuta ya ciro nasa? Haka matan suka tsaya suna sauraron aikin raninsu yana farfashewa. Da toka ta huce aka tona, tsingaro ne tsibi guda, abin da ya fita lafiya bai isa a kai kasuwa ba. Kafin a sake kwaɓa yumɓu, ruwa ya sauka.

Damina ta yi wa garin tsawo. A wasu gidajen tafasa da rama aka yi ta kwaɗawa yara har sabon gero ya nuna. Ba wadda ta zagi Tabawa, da ma zaginta suka yi da ya fi mata sauƙi. Da rani ya dawo ta share matoya, ta tsayar da rana, ba wadda ta zo. Kowacce ta hura 'yar wutarta a bayan gida. Iya Kande kuwa ba ta ga kaka ba. Matar da ta gina randunan rabin garin, yau in an ambace ta sai ka ji an ce, "Wadda randarta ta fasa mana tukwane?" Wannan shi ya fi ci wa Tabawa rai har ta koma ga Allah: mutuncin da ta so karewa, da hannunta ta sa shi a wuta.

Kai kuma lamarinka ya fi nata muni, domin taka wutar in ka cinna, a kwamfutocin bayin Allah da ba su ma san sunanka ba za ta ci. Tashi ka je ka ce wa malaminka ya jira. Zai ji haushi, haushin zai wuce. Hausawa dai sun gama magana: wake ɗaya ke ɓata gari.